Kayan Tsofaffin Sojoji: Kada Gara Ta Ci Tarihinmu

Jama'a, ku sani an fara Yaƙin Basasar Nijeriya ranar 6 ga Yuli, 1967, ba a kwance ɗamara ba sai 15 ga Janairu, 1970. Waɗanda suka ga wannan masifa da idonsu kullum raguwa suke yi. In babu su, wa zai ba da shaida? Sai kayan da suka bari.

Gwamnati ta ajiye nata kason. A shekarar 1985 aka kafa Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa a Umuahiya, Jihar Abiya, garin da ya zama hedikwatar Biyafara, yankin da ya ɓalle, bayan an ci Inugu. Wanda ya je zai ga jirgin ruwan yaƙi, da jiragen sama, da motocin sulke da 'yan Biyafara suka ƙera da hannunsu, da nakiyar nan Ogbunigwe wadda ake kira bokitin Ojukwu, wato madugun Biyafara. Zai kuma shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda rediyon Biyafara ya riƙa watsa labarai. Gani ya kori ji.

Amma kaso mafi yawa yana gidajenmu. Samarin Arewa da yawa sun shiga soja, wasu a runduna ta ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa, wasu a ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammed. Ku buɗe akwatin ƙarfen tsohon soja: ga kaki a naɗe, ga lambobin yabo sun dushe, ga takardar sallama, ga hoto da hula a karkace, ga wasiƙar da ya aiko wa gyatumarsa daga bakin daga, wata da boko, wata da ajami. Wani har da fam ɗin Biyafara, kuɗin da ya zama takardar banza ranar da yaƙi ya ƙare. Littafin makaranta zai faɗa maka sunan janar da ranar da aka ci gari, amma wasiƙar kurtu ce za ta faɗa maka yunwa da tsoro da kewar gida.

To, yaya za a adana su?

Na ɗaya, gara da ɓera da danshi su ne abokan gaba. A ɗora akwatin a kan wani abu, nesa da bango, a riƙa dubawa da damina.

Na biyu, a rubuta sunan mai hoto da lambarsa ta soja da fensir a bayan hoton, domin tawada tana ɓata shi.

Na uku, kada a sayar wa 'yan gwangwan lambar yabo a kuɗin ƙarfe.

Na huɗu, in mai kayan yana da rai, a zaunar da shi, a naɗi muryarsa a waya.

Na biyar, harsashi ko gurneti ba kayan ajiya ba ne. Komai tsufansa yana iya tashi. Kada a taɓa, a sanar da 'yan sanda.

Wanda ba shi da halin adanawa, ya tuntuɓi gidan tarihi mafi kusa, ko Gidan Arewa da ke Kaduna in takardu ne.

Ba don tono gaba ake ajiye waɗannan kaya ba. Janar Gowon, shugaban ƙasa na lokacin, ya shelanta cewa babu mai nasara, babu wanda aka ci. Ana ajiye su don yaron da ke jin yaƙi a baki ya ga abin da yaƙin ya ci. Saboda haka, magidanta, ku buɗe akwatunan nan, ku tara 'ya'ya da jikoki ku nuna musu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.