Girma Ba Ya Rufe Ƙofar Koyo

Mukan ji dattijo ya ce kansa ya daina ɗaukar karatu. Amma shi ne mai saro kaya a Maraɗi da sefa, ya sayar a Jibiya da naira, kuma duk ranar da canji ya motsa sai ya sabunta lissafinsa da ka. Wannan ma koyo ne.

Ƙwaƙwalwa ba ta daina ƙulla sababbin hanyoyi a cikinta har tsufa. Gaskiya ne yaro ya fi saurin hadda, sai dai babba yana jingina sabon abu a kan abin da ya riga ya sani. Kaɗan-kaɗan kullum, tare da isasshen barci, ya fi dogon zama sau ɗaya.

Abin da ake ɗora wa tsufa kuwa, sau da yawa laifin ido ne ko kunne. Daga wajen shekara 40 ƙananan rubutu kan fara dishi-dishi, tabarau kuma yakan gyara. Hawan jinin da aka yi sakaci da shi yana lalata jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa a hankali, don haka a riƙa zuwa awo.

Ku fara da kwalin magani. Wani da Faransanci, wani da Ingilishi, amma lambobin iri ɗaya ne. Ku sa jika ko ma'aikacin lafiya ya nuna muku inda aka rubuta wata da shekarar da maganin zai lalace. Kashegari ku karanta da kanku, shi kuma ya duba.