Ba a Aji Mastas Ke Maƙalewa Ba

Duk shekara idan jami'o'i suka buɗe sayar da fom ɗin karatun gaba da digiri na farko, wayata ba ta hutawa. Wannan ƙanin aboki ne, wancan tsohon ɗalibi, waccan malamar sakandare ce mai neman ƙarin girma a wurin aiki. Tambayar kusan ɗaya ce: "Malam, nawa ne kuɗin rajista, kuma za a taimaka sunana ya fito?" Ni da nake kula da ɗaliban mastas da na dokta a sashenmu, fitar ta fi damuna a kan shigar. Fayil-fayil ne jibge a ofishina na mutanen da suka ci duk jarrabawarsu da sakamako mai kyau, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Matsalar wasu tun daga wurin cike fom take farawa. Mastas iri biyu ce, da yawa kuma ba sa sanin haka sai sun gama kashe kuɗinsu. Akwai ta bincike, irin su M.Sc. da M.A., wadda ake rubuta cikakken kundi a kare shi gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Ita ce hanyar zuwa digiri na uku. Akwai kuma ta ƙwarewar aiki, irin su MBA da MPA, wadda aka tsara domin ma'aikata, galibi ana shiga aji ƙarshen mako. Kowacce da amfaninta, amma yawancin jami'o'inmu ba sa ɗaukar mutum dokta kai tsaye da ta biyun. Wani dattijo ma'aikacin gwamnati ya taɓa zuwa wurina da takardarsa a cikin leda, yana murna zai nemi digiri na uku. Da na yi masa bayani, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Malam, wallahi babu wanda ya gaya mini." Har yau maganar tana ci mini rai, domin tambayar minti biyar ce a sashe da ta raba shi da wannan asara.

Haka mai HND ko digiri mai daraja ta uku, galibi sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri, wato PGD, tukuna. A kuma tabbatar hukumar NUC ta amince da kwas ɗin a wannan jami'ar. Masu hangen tsallaka iyaka don a gama da wuri su tuna cewa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya samo digiri a Kwatano cikin makonni shida.

Batun kuɗi ma a yi lissafin gaskiya. Tallafin karatu na TETFund na malaman manyan makarantun gwamnati ne, na PTDF kuma ya fi karkata ga fannonin da suka shafi mai da iskar gas. Sauran jama'a daga aljihunsu suke biya. Rajista kuwa kowace shekara ake sabunta ta har ranar da aka gama, ga kuɗin tiranskirif, ga zirga-zirgar tattara bayanai, ga buga kundi da ɗaure shi. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ya tanadi kuɗin shekara ɗaya kacal ya riga ya shiga tsaka mai wuya.

To amma inda aka fi zubewa shi ne bayan an gama shiga aji. Muddin ana lacca, akwai jadawali, akwai abokai, akwai ranar jarrabawa mai tilasta wa mutum buɗe littafi. Da an ce kowa ya je ya kawo take, shi ke nan, babu mai kaɗa ƙararrawa. Alhali tafiyar da ke gaba ta fi ta baya tsawo: a amince da take, a gabatar da tsarin bincike gaban malaman sashe, a fita tattara bayanai, a rubuta babi-babi, a yi difens na cikin gida, a yi na waje, a yi gyare-gyare, kafin majalisar jami'a ta tabbatar da sakamako. A nan ne ɗalibi kan ce bari ya ɗan huta wata ɗaya. Ofis ya janye shi, hidimar iyali ta taso, wata ɗaya ya zama shida. Daga nan sai kunya ta shigo. Yana ganin kiran sufabaiza ya kife waya, yana hango shi a wurin ɗaurin aure ya sauya hanya. Kunyar nan ta kashe karatun mutane fiye da rashin kuɗi. Ku sani, malami bai cika riƙe fushin ɗalibin da ya ɓace ba. Abin da yake so ya gani shi ne shafi biyar a hannunka, ko da cike suke da kurakurai.

Idan uzurin na gaske ne, haihuwa ko jinya ko canjin wurin aiki, a rubuta takardar neman dakatar da karatu ta hannun shugaban sashe, a riƙe kwafi mai hatimi. Kowace jami'a tana da iyakar shekarun da ta ƙayyade, kuma agogon ba ya tsayawa don ka gaya wa malaminka da baki. 'Yan'uwa mata musamman, na ga da yawa da suka rasa gurbinsu bayan haihuwa saboda takarda ɗaya da ba a rubuta ba.

Akwai wata hanya da shaiɗan ke ƙawata wa wanda lokaci ya ƙure masa: a biya wani ya rubuta kundin. Na zauna a wani difens inda malamin waje ya buɗe babi na huɗu, ya ɗora yatsa a kan wani jadawali, ya ce wa ɗalibin, "Yi mana bayanin yadda ka samo wannan adadi." Zauren ya yi tsit, sai ƙarar fanka. Ɗalibin ya juya shafi gaba, ya juya baya, gumi na ɗiga a kan takarda. Ko ba a kai nan ba, jami'o'i da dama yanzu suna bi da kundi ta manhajar Turnitin mai tona abin da aka kwafo. Kuma ko an tsira daga na'ura, cin amanar ilimi ne.

Abin takaicin shi ne taimako yana nan, ba a zuwa nema. Ma'aikatan laburare, irin na Kashim Ibrahim a ABU Zariya, sun san yadda ake shiga rumbunan mujallun bincike na intanet da jami'a ke da izinin amfani da su. Shafin AJOL yana tattare da mujallun Afirka masu yawa. Mai nazarin tarihi yana da Gidan Arewa da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, mai nazarin siyasa yana da Gidan Mambayya a Kano. Akwai ofishin ba da shawara ga wanda damuwa ta yi wa yawa. Akwai kuma littafin dokokin makarantar gaba da digiri, wanda kowane ɗalibi ya kamata ya karanta tun makon farko. A cikinsa ne za ka ga cewa idan zama ya ƙi daɗi tsakaninka da sufabaiza, kwamitin sashe yana iya canza maka wani. Ɗalibar da wani ya neme ta da lalata, ko ɗalibin da aka nemi ya ba da na goro kafin a duba aikinsa, kada su yi shiru. Su adana saƙonnin, su kai ƙara a rubuce.

Ba zan ɗora laifin duka a kan ɗalibai ba. Gaskiya ne malamai sun yi kaɗan, mutum ɗaya yana duba ɗalibai rututu ga lacca ga taruka. Amma wannan bai halatta a ajiye babin ɗalibi wata huɗu a bayan mota ba, alhali shi yana sabunta rajista daga albashin da bai isa ba. Abokan aikina, don Allah idan ɗalibi ya miƙo aiki, mu ba shi ranar da zai dawo ya karɓa, mu kuma cika. Shugabannin sassa, ku riƙa kiran taron duba ci gaban kowane ɗalibi sau ɗaya a zango, wanda bai zo ba a ɗaga waya a neme shi.