KYANWA A GIDA: KU SAN ABIN DA TA KE FAƊI

Jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa manoma ne. In kaka ta yi, rumbuna sun cika da dawa da masara da gero, sai ɓera ya zo neman rabonsa. Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga hatsi kaɗai ba. Akwai wani ɓera mai nonuwa da yawa, wanda fitsarinsa da kashinsa ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. An fara gane cutar nan a garin Lassa, cikin ƙasar Borno, a shekarar 1969, ta kuwa fi yawa da rani. Cikin dabarun tsare gida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar, har da ajiye kyanwa.

Amma kyanwa ba ta zama inda a ke cutarta. Ba ta da baki irin namu, da jikinta ta ke magana. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, labarin zuciyar kyanwa sai a tambayi wutsiya da kunnuwa da idanu.

1. ALAMUN SO DA YARDA

In kyanwa ta nufo ka wutsiya a miƙe sama, gaisuwa ce ta kawo. In ta goga kumatunta ko goshinta a ƙafarka, tana shafa maka wani ƙamshi nata ne wanda hancin mutum ba ya ji. Da shi ta ke shaida cewa kai na gida ne. Kada ka shure ta.

In ta dube ka ta lumshe ido a hankali, sa'an nan ta buɗe, hankalinta a kwance ya ke. Kai ma ka lumshe mata naka. Amma kada ka ƙura mata ido, gama a wurinta wannan neman faɗa ne.

In ta hau cinyarka tana tattaka ka da ƙafafun gaba, ɗaya bayan ɗaya, abin da ta saba yi wa uwarta ne lokacin shan nono. Sau da yawa za ka ji wani ɗan gurnani mai taushi daga maƙogwaronta. Galibi daɗi ta ke ji. Amma ku lura, kyanwa ta kan yi wannan sauti kuma in tana jin ciwo. In tana yi, ga shi ta ƙi abinci, ta ɓuya a lungu, to, ba lafiya.

2. ALAMUN "ƘYALE NI"

Nan ne yara su kan yi kuskure. Kare in ya kaɗa wutsiya, sau da yawa murna ya ke yi. Kyanwa kuwa in tana buga wutsiya a ƙasa da ƙarfi, ranta ya ɓaci. In ta kwantar da kunnuwa baya, ta gantsare, gashinta ya tashi, tana huci, watau tsoro ya kama ta. A ba ta hanya ta wuce. Kyanwar da a ka ritsa a lungu ita ce mai yaƙushi.

Kowa ya san kwanciyar mage mai ɗaukar rai. In ta yi rigingine ta nuna ciki, ta yarda da kai ne, amma ba ta ce ka taɓa cikin ba. Yaro ya kai hannu, sai ta riƙe shi da farata da haƙora. A shafa ta a kai, ko ƙarƙashin haɓa, ya isa.

Uwargida, ki koya wa yara abu 3: kada su ja wutsiyarta, kada su dame ta tana cin abinci, kada su ɗauki 'ya'yanta tana sabuwar haihuwa. In 'ya'yan sun kai mako 2 zuwa 7, lokacin ne ya kamata a riƙa taɓa su a hankali kowace rana, don su saba da mutane. Wanda bai saba a lokacin nan ba, da wuya ya daina gudun mutane.

3. IN TA KAWO ƁERA

Kyanwa ta kan ajiye mushen ɓera a ƙofar ɗaki. Kada a doke ta, aikinta ta yi. Amma kada kowa ya taɓa ɓeran da hannu. A kwashe shi da shebur, a binne nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu.

Waɗansu na cewa sai an bar kyanwa da yunwa za ta yi farauta. Ba haka ba ne. Ƙosasshiyar kyanwa ma tana kama ɓera, mayunwaciya kuwa sai ta koma satar nama, ko ta ƙaura gidan maƙwabta. A ba ta abinci da ruwa a kaskonta daban. Malamai sun sha faɗa mana hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta tsare kyanwa da yunwa har ta mutu. In an sa maganin ɓera kuma a yi hattara, gama kyanwar da ta ci ɓeran da ya sha guba tana iya mutuwa.

Kada dai a dogara ga kyanwa kaɗai. A rufe abinci, a toshe ramuka, a kai juji nesa da gida.

4. IN HALINTA YA SAKE

Babban amfanin sanin halin kyanwa ke nan. Wanda ya san yadda ta ke yau da kullum, shi zai gane ran da ta sake. In mai sanyin hali ta fara cizo ba dalili, miyau na dalala, muryarta ta sake, tana tangaɗi, a ji tsoron ciwon haukan kare. Yawancin masu kamuwa da shi daga kare su ke samu, amma kyanwa ma tana ɗauka, tana kuma sa wa mutum. A janye yara, a rufe ta in da hali ba tare da an taɓa ta ba, a kira malamin dabbobi.

In kyanwa ta ciji mutum ko ta yaƙushe shi:

(a) A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15.
(b) Kada a sa toka, ko ƙasa, ko barkono.
(c) A tafi asibiti ran nan, ko da ciwon ƙarami ne. In babu allurar rigakafi a nan kusa, a nemi a tura ku babban asibiti, kamar na Funtuwa ko Katsina.
(d) A sa ido a kan kyanwar har kwana 10, a gaya wa likita abin da a ka gani. Amma kada a jira kwanakin nan kafin a je asibiti.

Ciwon ya kan yi wata 2 ko 3 a ɓoye cikin jiki. In ya bayyana, mutuwa ce kusan kullum. Allura kuwa tana tsare mutum in an yi da wuri. Kyanwa ita ma a na yi mata allurar rigakafi, ku tambayi ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku.

5. TSABTA

Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, domin akwai wata ƙwayar cuta a ciki mai lahani ga ɗan tayi. Wani ya kwashe kullum, ya wanke hannu. In gashin kyanwa na zubewa a kewaye kamar kwabo, tana iya sa wa yara makero. Kada kuma a bar ta ta kwana wurin jariri.

Maigida, in an taru bayan sallar isha'i ka karanta wa iyalinka wannan takarda, ka kuma ba maƙwabcinka aro. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Me kyanwa ke nufi in tana buga wutsiya a ƙasa?
2. Yaya za a yi da ɓeran da ta kawo?
3. Minti nawa a ke wanke cizon kyanwa, kuma ina za a tafi bayan haka?