Harshen Talla da Da'awar Kare Muhalli

Masu talla kan zaɓi kalamai masu daɗin ji waɗanda ba su aunuwa, kamar "ba ya gurɓata muhalli". Misali, kamfanin Volkswagen na Jamus ya daɗe yana tallata motocinsa masu shan man dizal a matsayin masu tsaftataccen hayaƙi. A shekarar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa an sanya musu manhajar da ke rage gubar hayaƙin a lokacin gwaji kaɗai. Kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kimanin miliyan 11. Saboda haka wajibi ne mai saye ya bincika: wane adadi aka ambata, kuma wa ya tabbatar da shi ban da kamfanin?

Aiki: Ɗalibi ya kawo talla uku, ya ware da'awar da ke aunuwa daga wadda ba ta aunuwa.