Kamara mai juyawa

Ido ba ya ganin abin da ke bayan ƙeya. Mutumin da ya tsaya tsakiyar kasuwa, in yana son ya gan ta duka, sai ya juya sannu-sannu har ya komo inda ya fara. Wannan juyi guda shi ne digiri 360. Kamara ta kullum gabanta kaɗai take ɗauka. Amma akwai wata mai juyawa, wadda ke haɗa gabas da yamma, kudu da arewa, cikin hoto guda.

Wajen shekara ta 1905 aka fara sayar da irin wannan kamara a Amurka. Sunanta Cirkut. Ana ɗora ta bisa ƙafafu uku, a murɗa mabuɗinta kamar na agogo, sai ta kama juyawa da kanta. Cikinta akwai wata tsaga siririya, a tsaye. Ta nan kaɗai haske ke kaiwa ga fim. Kamara na juyawa, fim na wucewa bayan tsagar. Haka hoto ke haɗuwa kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ɗinke siraran ƙyallayen masaƙi su zama zane. In kamara ta yi gargada, sai layuka su ɓata hoton.

Hoton Cirkut dogo ne kamar rawani, amma bai nuna abin da ke bisa kai, bai nuna ƙarƙashin ƙafa. Daga baya aka ƙera masu aiki da kwamfuta, aka sa musu gilashi mai kumburi da ake kira "idon kifi". Wannan gilashi yana gani daga ƙasa har tsakar sama, wato digiri 180. In kamara ta gama juyi guda, ta ɗauke ko'ina ke nan. Mai kallo sai ya ji kamar yana zaune cikin ƙwarya biyu da aka kife juna, an zane cikinsu duka. In aka shimfiɗa hoton kamar taswirar duniya, faɗinsa ya ninka tsayinsa, don 360 biyun 180 ne.

Akwai abin lura. Kamara mai juyawa ba ta ɗaukar kome da kome lokaci guda. Gefe ɗaya yana rigan ɗaya. A Ingila da Amurka an yi ta ɗaukar ƴan makaranta da ita. Wani yaro mai wayo yakan tsaya a farkon layi. Da kamara ta wuce shi, sai ya sheƙa da gudu ta bayan ƴan'uwansa, ya tsaya a ƙarshe. Hoto ya fito, ga yaro guda wuri biyu! Ashe ba duk abin da hoto ya nuna ne gaskiya ba. Kafin a gaskata hoto, a san yadda aka ɗauke shi.

Tambayoyi
1. Digiri nawa ne juyi guda? Rabin juyi fa?
2. Mene ne amfanin tsagar da ke cikin kamara?
3. Yaya aka yi yaro guda ya fito sau biyu?

Aiki
Kowane ɗalibi ya tsaga takarda a tsakiya, ya tsaya a filin makaranta, ya leƙa ta tsagar yana juyawa sannu-sannu. Sa'an nan ya rubuta abubuwan da ya gani bi da bi.