Tambaya da Amsa: Mai Haɗa Kyamarar Tsaro Zai Iya Jan Wayar Soket?

TAMBAYA

Ni matashi ne a Kano. Na koyi haɗa kyamarorin tsaro a wurin maigidana, yanzu kuma na fara karɓar aiki da kaina a shaguna da gidaje da makarantu. Damuwata ita ce, sau da yawa wurin da ake so a ajiye na'urar naɗar hoto babu soket kusa. Sai mai gida ya ce, "Ai kai ma mai wuta ne, ja mana waya ɗaya kawai." In na ce a kira mai wayarin, sai a ga kamar ban iya aiki ba, wani ma ya ɗauke aikin ya ba wani. Na sha ganin ana jan wayar, kuma na san zan iya. Shin akwai takardar da ake buƙata kafin mutum ya yi irin wannan ɗan ƙaramin aiki? In akwai, a ina ake samunta?

Mai karatu daga Kano

AMSA

Allah ya yi wa sana'a albarka. Na ji daɗi da ka tsaya ka tambaya, don da yawa daga cikin abokan sana'arka sun riga sun hau silin da filaya a hannu ba tare da sun tambayi kowa ba.

Akwai takarda, kuma iyakar aikinka tana bakin soket. Daga soket zuwa kyamara, filinka ne. Daga soket zuwa cikin bango, har akwatin bireka da mita, filin mai wayarin ne wanda yake da shaida.

Dalilin raba su a nan ba son wahalar da kai ba ne. Kyamarorin da kake haɗawa galibi bolt 12 suke ci ta adafta. Waɗanda ke shan wuta ta wayar intanet kuwa, wato masu PoE, kusan bolt 48 ne, ba sa wuce 57. In ka yi kuskure a nan, yawanci asarar ta tsaya a kan kyamara ko adafta. Wutar da ke cikin bango bolt 230 ce. Ita ba ta tambayar tsawon waya. Ƙafa uku na wayar soket suna ɗauke da abin da zai tsayar da zuciyar mutum, daidai da wayarin ɗin bene mai hawa uku. Shi ya sa ban yarda a kira shi ƙaramin aiki ba. Kuɗinsa ne ƙanƙane.

A Najeriya, hukumar da ke tantance masu shimfiɗa wayar wuta ita ce NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da ita. Ita ke jarraba mutum ta ba shi shaidar ƙwarewa, wadda masu sana'a ke kira lasisi, kuma shaidar hawa-hawa ce gwargwadon girman aikin da aka yarje wa mutum. Ƙa'idojin yadda za a yi wayarin ɗin kansa suna cikin kundin da hukumar NERC ta fitar a 2015, wanda ake kira NESIS. Dokar 2023 ta kuma ba jihohi damar tsara harkar lantarki a cikin iyakokinsu, don haka in za ka yi aiki a wata jiha, ka tambayi abin da ake bi a can.

Kafin ka je gaban NEMSA, kana buƙatar shaidar cewa ka koyi aikin. Hanyar da ta fi dacewa da mai irin tarihinka, wanda ya tashi a hannun maigida, ita ce jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda kowa ya sani da Trade Test. Ana farawa daga mataki na uku, sai na biyu, sai na ɗaya wanda shi ne babba. Akwai kuma takardar NTC ta hukumar NABTEB a fannin shimfiɗa wayar lantarki, wadda ɗaliban kwalejojin fasaha ke ɗauka, da tsarin NSQ da hukumar NBTE ta Kaduna ke kula da shi, wanda aka tsara don a auna abin da hannun mutum ya iya ko da a shago ya koya. Hukumar ITF da cibiyar NAPTIN suna ba da horo. Ka je ofishin hukumar da ka zaɓa da kanka ka karɓi sharuɗɗa da kuɗin da ake biya a yanzu. Kada ka ba wani ɗan tsakani kuɗi ya kawo maka takarda har gida ba tare da ka zauna jarrabawa ba. Ranar da wani abu ya faru, wannan takardar ba za ta tsaya maka ba.

Takardun horo da kamfanoni irin su Hikvision da Dahua ke bayarwa suna da amfani ƙwarai, ka neme su. Amma shaida ce ta sanin kayansu, ba izinin buɗe akwatin bireka ba.

Ka ce ka sha ganin ana yi. Hausawa sun ce gani ba ci ba. Abin da ido ke gani shi ne an fere waya an ɗaure. Abin da ba ya gani shi ne lissafin da ke kan mai aikin: wane layi ne wannan, nawa yake ɗauke da shi tun kafin in ƙara masa kaya, wace bireka ce ke tsaronsa, kuma kaurin wayar ya dace da ita? Wayar soket yawanci mai kaurin 2.5 ce, ta fitila 1.5. Kuskuren da ya fi yawa a wurin masu kyamara shi ne, suna cikin silin, sai su ga wayar fitila ko ta fanka kusa, su satar mata reshe su kai wa soket. Yau na'urar naɗar hoto ce kaɗai a kai, komai lafiya. Bayan wata shida wani ya zo ya soka hita ko dutsen guga a wannan soket. Wayar ta yi zafi a cikin silin, inda akwai katako busasshe da ƙura, kuma babu mai gani. Haka mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif: tana sakwarkwacewa, ta fara tartsatsi. Duk wanda ya taɓa ganin gobarar kasuwa ya san yadda shago ɗaya ke cinye layi guda.

Sai batun wayar at, mai sauke wuta ƙasa. Akwatin na'ura ƙarfe ne, sandar da kake ɗora kyamara a kai ƙarfe ce. In babu at mai aiki, wuta ta zubo a jikinsu, wanda ya taɓa shi ne hanyarta zuwa ƙasa. Mai shaida yana da na'urar auna wannan, kuma ya san amfanin birekar kare rai, wadda ke yanke wuta da zarar miliamfa 30 ta ɓalle.

Akwai haɗarin da ya fi damuna a gidajenmu. Gida ɗaya yana iya samun wuta daga wuri uku: kamfanin lantarki, janareta, da inbata mai sola. Ka cire fis a mita, ka ɗauka layi ya mutu, alhali inbata tana ciyar da shi ta baya. Ko an ɗauke wuta ka fara aiki, a dawo da ita hannunka yana kan waya. Ko yaro ya tayar da janareta bai san kana sama ba. Testa mai kama da sukundireba ba ta isa shaida ba, tana yaudara, musamman a cikin hasken rana. Launin waya ma ba abin dogaro ba ne: tsohon tsari ja da baƙi ne, sabo ruwan ƙasa da shuɗi, kuma za ka tarar da gidan da aka cakuɗa su, ko aka yi komai da launi ɗaya. Wannan ya shafe ka ko da ba ka taɓa wayar wuta ba, tunda kana huda bango kana rarrafe a silin. Ka mallaki mita mai auna bolt, ka gwada ta a soket mai rai kafin ka yarda da abin da ta gaya maka.

Yawancin lokaci ma ba ka buƙatar sabon soket. Wayar intanet tana kai hoto da wuta har mita 100. Ka ajiye na'urar inda soket yake, ka ja wayarka zuwa kyamara. Ka sayi ta jan ƙarfe zalla, don mai arha ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe tana zubar da ƙarfi a hanya, kyamara ta riƙa mutuwa da dare lokacin da fitilunta suka kunnu. Kada kuma ka tura ta faif ɗaya da wayar wuta.

Inda soket ya zama dole, ka samu mai wayarin guda ɗaya mai shaida, ku riƙa aiki tare har ka samu taka. Tun ranar da ka je duba wuri, ka lura da inda wuta take, ka sa kuɗinsa a cikin lissafin da za ka miƙa, a layi daban da sunan aikin. Mai gida ba ya jin haushin abin da ya gani a takarda tun farko. Abin da ke ɓata masa rai shi ne a tsakiyar aiki a ce ya ƙaro kuɗi. In ya matsa, ka ce masa, "Alhaji, kyamarar nan don tsare dukiyarka ka saye ta. Ina da mutumina mai lasisi, zai zo ya ja wayar a gabana, ya gwada ta a gabanka." Wani zai ƙi, ya tafi wurin mai arha. Ka bar shi ya tafi. Bankuna da makarantu da manyan kamfanoni, waɗanda aikinsu ya fi tsoka, takarda suke fara tambaya, kuma nan ne za ka ga amfanin watannin da ka kashe kana neman taka.