Kula da Lafiyar Doki: Darasi Ga Ɗalibai da Iyaye

Duk ɗalibin da ya karanta tarihi ya san Sifawa, garin nan na Ƙaramar Hukumar Bodinga inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 har 1815, kafin ya koma Sakkwato. A yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 dawakin jama'ar Shehu kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na Gobir, amma daga baya doki ya zama ginshiƙin rundunar daular. Yau doki na hawan Sallah ne da naɗin sarauta da sukuwa. Har yanzu akwai shi a turke a gidajen sarakuna da masu hali daga Sifawa har Shagari, wasunku ma su ke yi masa ciyawa lokacin hutu. Doki ba ya faɗin abin da ke damunsa. Mai shi ne zai duba ya yanke shawara, kuma sau da yawa lokacin yanke ta gajere ne.

Abin da na gani da idona

Wata shekara, saura kwana goma Sallah, wani maƙwabcina ya ga dokinsa ya rame, sai ya sa aka ninka masa gero don ya murmure kafin hawa. A rana ta uku da yamma dokin ya ƙi ci. Yana tonon ƙasa da kofato, yana waiwayen cikinsa, ya kwanta ya tashi, gumi na zuba. Wani ya ce a ba shi kanwa, wani ya ce a ɗura masa mai. Ni kuwa ina cikin waɗanda suka ce a bari gari ya waye, don kuɗin ɗauko likita da dare ba kaɗan ba ne. Da likita ya zo da hantsi ya ce hanji ya riga ya murɗe. Kafin azahar dokin ya mutu. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jinkirin da muka yi shi ya ƙarasa ɓarnar.

1. Ciwon ciki

Allah ya yi doki da ƙaramin tumbi, wanda bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, da hanji mai tsawon kusan mita 30. Ba ya tuƙa kamar saniya, kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. Saboda haka an halicce shi ya ci ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. Abubuwan da suka fi jawo masa ciwon ciki a nan su ne: hatsi mai yawa lokaci ɗaya, sauya abinci kwatsam, busasshiyar harawa ba isasshen ruwa, yashin da yake haɗiya in an zuba masa abinci a ƙasa, leda, da tsutsar ciki. Yawan hatsi kan kuma kumbura cikin kofato har doki ya kasa taka ƙasa. Babban doki na shan lita 25 zuwa 50 a rana, da bazara kuwa fiye da haka.

In kun ga alamun da na ambata, ku ɗauke abinci, ku ja shi yawo a hankali in yana iya tafiya, a aika wa likita nan take. Kada a ɗura masa mai ko jiƙo da ƙarfi, domin yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu, a bar ciwo ɗaya a kama biyu.

2. Awon da kowa zai iya

Lafiyayyen doki da ke hutawa zafin jikinsa 37.5 zuwa 38.5 ne a ma'aunin santigired. Zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, numfashi sau 8 zuwa 16. Ɗaga leɓensa ka danna dadashi da yatsa: in jan bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, akwai matsala. Tsunkuli fatar wuyansa ka saki: in ta tsaya ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Bugun zuciya da ya wuce 60 tare da ciwon ciki ba abin jira ba ne.

3. Miki da sarƙewar haƙora

Sirdin da bai zauna daidai ba kan ci gadon baya, linzami mai kaifi kan yanka harshe, kaimi kan huda haƙarƙari, dabaibayi kan ci ƙafa. Ƙwayar cutar sarƙewar haƙora tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta irin waɗannan raunuka take shiga. Doki na cikin dabbobin da ta fi kamawa, yawancin waɗanda ta kama kuwa ba su tashi. Akwai allurar rigakafinta. A wanke miki da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri. Baƙin mai na mota, kashin shanu da lalas da ƙarfe mai zafi ƙara ciwo suke yi.

4. Annobar damina

Akwai cutar da likitoci ke kira ciwon dawakin Afirka. Wasu ƙananan ƙwari da ba su kai sauro ba ke yaɗa ta, suna cizo da magariba da asuba, musamman da damina. Alamunta zazzaɓi, kumburin saman ido, wahalar numfashi da kumfa ta hanci. Ba ta da magani. Dawakinmu na gida sun fi jure mata a kan waɗanda ake shigowa da su daga waje. A 2020 ta ɓulla a Tailan ta kashe ɗaruruwa. A shigar da doki barga kafin faɗuwar rana, a kawar da ruwan kwance da danshin taki, a nemi shawarar likita kan rigakafi.

5. Shawarwari uku masu wuya

Ta farko, kiran likita. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato, kuma Sifawa ba ta da nisa da birni. A tanadi lambar likita da ɗan kuɗin gaggawa tun doki na lafiya.

Ta biyu, hawan Sallah. In doki na ɗingishi ko bayansa da miki, a haƙura da hawan bana. Kunyar yini ɗaya ta fi asarar doki sauƙi.

Ta uku, tsufa da ciwon da ba ya warkewa. Tun da ba a cin naman doki a nan, ba a yanka shi kamar sa, sai a bar shi a turke yana shan wuya. In likita ya tabbatar ba zai tashi ba, hutar da shi ta hanyar da ba azaba shi ne jinƙai.

Kammalawa

A Littafi Mai Tsarki, Karin Magana 12:10 ta sa kula da dabba cikin alamun mutum adali. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna koyar da tausayin dabba. Amana ce Allah ya ba mu. Wanda ba zai iya ruwa da harawa da allura ba, kada ya sayi doki don a gan shi bisa sirdi.

Tambayoyi

1. Me ya sa ciwon ciki ya fi haɗari ga doki a kan saniya?
2. Kawo alamu huɗu da za su sa a kira likita da dare.
3. Lokacin hutu, ziyarci barga a garinku, ka rubuta abin da doki ke ci da sha a yini guda.